Mashin da Na Tuge a Fagen Daga

Ni ɗan maƙera ne a Gaya. Na tashi ina zuga wa mahaifina wuta, kuma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Kwaɗayi ne kawai ya ja ni.

A hanyar Ajingi akwai wani tsohon fagen daga. Mazajen da suka faɗi a can, a wurin aka binne su, aka kafa wa kowa mashinsa a wajen kai don danginsa su gane kabarin. Manomi ko likkafa ya tono da fartanya, mayarwa yake ya rufe. Ni kuwa ƙarfen banza na gani. Na fara da tsintar kan kibiya, na koma linzami, daga baya na shiga tuge mashi bayan mashi.

Masu sayen fa? Wani mahauci a Toranke, wani dillali a kasuwar Gaya, har da mai rawani. Duk sun san inda nake samowa. Ba wanda ya ce mini in ji tsoron Allah, sai dai, "Akwai saura?" Har yau in na gan su a sahun gaba, zuciyata tafasa take yi.

Wani dattijo, Baba Ɗanladi, ya zo fagen yi wa mahaifinsa addu'a a kabarinsa, ya tarar da fili fetal, ba mashi. Ya yi ta cigiya har ya ga mashin a rumfar mahaucin nan, ya gane shi da zoben tagullar da ke wuyansa. Aka bi sawu har kaina. Alƙali ya sa aka yi mini bulala, aka kai ni gidan yari da mari a ƙafa. Masu sayen kuwa ko tsawa ba a yi musu ba.

Da aka sake ni na tuba, na bi kayan gida-gida don in mayar da su. Wani an ƙera wuƙa da shi, wani ya bi fatake Borno. Sannan na raka Baba Ɗanladi fagen, mashin a hannunsa.

"To ɗana, nuna mini inda ka tuge shi," in ji shi.

Damina ta shafe ramukan, ciyawa ta rufe ko'ina. Na ce, "Wallahi Baba, ban sani ba." Ya zauna a ƙasa yana kuka.

Samari, ku cire hannunku daga abin da ba naku ba, ko da mai shi yana ƙarƙashin ƙasa. Bulalata ta warke tuntuni. Baba Ɗanladi kuwa ya rasu bai sake sanin inda mahaifinsa yake kwance ba, kuma ni na yi masa wannan.