Ƙofa ta Ɗaya da Lambobin Malam Isa

Ku da kuka shigo aikin nan bayana, akwai ranar Talatar da har yau ban manta da ita ba, don kunyarta ba ta sake ni ba. Farkon damina ne, aka tura ni daga Agiye zuwa buro, wato ofishin wata ƙungiyar manoma a Gazawa, in gyara musu rezo, haɗin intanet ɗinsu.

Akwatin da ke raba musu intanet yana da ƙofofi huɗu a baya, inda ake cusa waya. Na sa masa manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya buɗewa ya gyara. Umurnin shef, shugaban buron, shi ne in ware ƙofa ta ɗaya ga ordinatarsa, wato kwamfutarsa, sauran a bar wa ma'aikata. Na tsara, na adana, sai rezon shef ya ɗauke ɗif.

Da na leƙa bayan akwatin, na ga an manna wa wayoyin 'yan takardu, lambobin sun fara daga dama, alhali na jikin akwatin daga hagu suka fara. Aikin Malam Isa ne, dattijon da ke kai saƙonnin buro, mai furfura kamar mahaifina.

A gaban kowa na ce, "Baba, wanga ba allo ba ne da za ka faro daga dama!"

Aka kwashe da dariya. Ya ce, "Ɗana, ni dai 'yan fitilun gaban akwatin na bi. Wanda ya zo kafin kai ya nuna mini."

Ban saurare shi ba. Shef, da ma ransa a ɓace, ya ce daga gobe Malam Isa ya koma gadin magaza, ɗakin ajiyar kaya, kada ya sake taɓa komai a buro.

Bayan azahar na zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya ina duban ordinata. Ashe a irin wannan akwati manhajar daga dama take ƙirga ƙofofin, saɓanin abin da aka buga a jikinsa. Lambobin dattijon daidai suke. Ni ne na rufe wa shef ƙofa da hannuna.

Na gyara shiru, na karɓi godiya, na hau mota. Kwana uku ina fama da kaina kafin na kira shef na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Mi ya hana ka faɗi tun ran nan?"

An mai da Malam Isa buro, na je har gida na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Tun daga nan ba na taɓa tsarin ƙofa sai na gwada ta da waya, ba na kuma tsallake maganar wanda na tarar a wuri.

Amma shi Malam Isa bai sake taɓa waya ba. Ko tsintsiya ce ta zare ta, sai ya bar ta a ƙasa, ya ce a kira masu ilimi.