Ranar da Koci ya tsallake ƙanena

Har gobe ba na gaisawa da kocin ƙungiyar ƙwallon unguwarmu a Makera. In na hango shi da usur a wuya, sai in canza hanya.

Wani kwas ya je a Legas, ya dawo yana cika mana kunne wai yanzu da ido kawai yake gane ɗan wasan da tsoro ya kama. Mai sunkuyar da kai matsoraci ne, in ji shi, mai buɗe ƙirji kuma jarumi.

Ƙanena ne ya fi kowa iya bugun fenariti a ƙungiyar. Babanmu dattijon coci ne, a gidanmu kuwa ba a kallon babba ido cikin ido. Ko ni da nake yayansa, ƙasa yake kallo in ina masa magana.

Ranar wasan ƙarshe da 'yan Mahuta, wasu mutane sun zo daga wani babban kulob neman 'yan wasa, ƙanena kuma a kan wannan ranar ya ɗora burinsa. Aka tashi canjaras, sai fenariti. Koci ya jera yaransa yana bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan ƙanena, sai yaron ya rusuna, ya haɗa hannuwa a baya.

"Kai ka mutu tun ba a buga ba," in ji Koci. "Koma baya."

Ya zaɓi wani mai zare ido da turo ƙirji. Ina bakin fili ina ganin wannan jarumin nasa yana ta lasar leɓe, yana jan safa, yana goge tafin hannu a wando. Na daka tsawa: "Koci, dubi hannunsa mana!" Ko waiwaye bai yi ba. Ƙwallon kuwa ta haye raga, sai kan kwanon wani gida. Baƙin suka shiga motarsu ba su ga bugun ƙanena ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, da yamma Koci ya tare ni yana cewa ai ya taimaki yaron ne, ya raba shi da jin kunya a gaban jama'a. Ji wani rainin hankali!

Yanzu ƙanena walda yake yi a Kakuri, ko gidan kallon ƙwallo ba ya shiga. Ya ce min shi ya yafe tuntuni. To shi ya sani, ni dai ban yafe ba.