Ƙafar Baba Tela a Injin Hoto

Shekara talatin da huɗu Baba Tela ya yi yana taka keken ɗinki a ɗan shagonsa na bakin titi. 'Ya'yansa sun saya masa mai lantarki, ga shi can a lungu an jibge masa yadi. Shi dai a bar shi da na ƙafa. Taurin kai gare shi ba kaɗan ba, amma ko maƙiyinsa bai taɓa cewa ɗinkinsa ya warware ba.

Wata rana ya hau kujera zai sauko da bandir ɗin yadi, kujerar ta goce, gwiwarsa ta dama ta murɗe. Kafin yamma ta kumbura suntum. A asibiti likita ya lallatsa, ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwar ce ta tsinke, kuma wannan ana gyarawa. Abin tsoron shi ne guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan. In ya farfashe, Baba ya yi sallama da keken ƙafa ke nan. Hoto ne kawai zai nuna, irin wanda ake tura mutum cikin inji.

Mai ɗaukar hoton, wata mata mai fara'a, ta ce ya cire duk wani ƙarfe. Aka zaro allura biyu daga wuyan rigarsa, fil uku daga hula. Ta kwantar da shi, ta saita gwiwar.

"Baba, minti ashirin kacal. Kada ƙafar nan ta motsa."

"Haba 'yata, ƙafar da ko miƙe ta da ƙyar nake yi?"

Injin ya fara: kat-kat-kat-kat. To, ƙafar da ta tsufa tana jin irin wannan ƙara, me kake tsammanin za ta yi? Sai ta hau taka iska abinta. Hoto ya fito dishi-dishi. Aka sake, ƙafar ta maimaita.

Matar ta leƙo tana dariya. "Baba, ɗinki kake mini a ciki?"

Ya rantse bai motsa ba. Ya taya ta dariya, amma ya san in babu hoton nan, babu mai gaya masa makomarsa.

Ta yi ɗan tunani. "A shago, yaushe ƙafarka take tsayawa?"

"Sai in zan zura zare a allura."

"Yawwa! Rufe ido. Baƙin zare, 'yar ƙaramar allura, kuma ka manto tabarau a gida."

Minti ashirin Baba yana fama da kafar allurar da babu ita, har da fito da harshe. Ƙafa ko gezau.

Likita ya ɗora hoton a allo. Ya nuna inda jijiyar ta rabu biyu, sannan wani fari-fari a jikin ƙashi.

"Nan ƙashin ya bugu ne, da kansa zai warke. Wannan layin kuwa shi ne guringuntsi. Duba, sumul, ko tsaga babu. Mu yi aikin jijiyar, ka jure atisaye, cikin 'yan watanni za ka koma kekenka."

Farin ciki ya lulluɓe Baba har ido ya kawo ruwa. Ya dogara sanda ya koma ɗakin hoto, ya ƙare wa matar kallo daga kafaɗa zuwa ƙasa.

"Kafaɗa sha biyar, tsawo hamsin da shida. Ba sai kin zo awo ba, 'yata. Ranar da na koma aiki, rigarki zan fara takawa."