Madarar da Goggo ta zubar

Tun ina amarya a Tudun Ƙofa wata Bafulatana ke kawo mana madara daga rugarsu ta wajen Panda. Yarana duka Goggo suke ce mata. Takan sauke ƙwarya a gindin dalbejiyarmu, ta sha ruwa, mu taɓa hira kafin ta wuce kasuwa.

Da Abuja ta fara tumbatsa ta biyo hanyarmu, filaye suka yi daraja. Na lura Goggo ta koma zuwa da bokitin roba, ta kuma rage zama. Na ɗauka tsufa ne.

Babbar 'yata kimiyya ta karanta. A shekararta ta ƙarshe a makaranta aka ba ta aikin binciken madarar da ake sayarwa a gari. Ta ce mini suna da na'ura mai haska ɗigon madara da wani haske da ido ba ya gani, infirared, sai komfuta ta zana layi mai hawa da sauka. Duk abin da aka zuba a ciki, layin zai nuna. Ta ɗebi ta Goggo don ta zama ma'auni, wadda za a gwada sauran da ita.

Ranar da ta dawo da sakamakon gwajin ko takalmi ba ta cire ba.

"Mama, akwai ruwa a ta Goggo, da sitaci, har da takin yuriya."

"Na'urarku ce ta lalace," na ce.

"Malaminmu ya sake gwadawa da kansa, Mama."

Da Goggo ta zo, na shigar da ita ɗaki don kada maƙwabta su ji. Ta saurare ni har na gama, tana murza bakin zaninta.

"Malama, ai ba mu da shanu a nan kuma," ta ce. "An sayar da makiyayar, an kafa duwatsun iyaka. Ɗana ya yi gabas da garken tuntuni. A tasha nake saro madarar wurin masu jarka. Kunya ce ta hana ni faɗa miki."

"Kin san abin da suke zubawa?"

"Na san dai ba ta ƙanshin saniya. Taki? Jikokina ma ita nake ba su."

Ta tashi ta ɗauki bokitin, ta juye shi gaba ɗaya a kwata. 'Yata ta fito tana kuka tana ba ta haƙuri. Goggo ta dafa kan yarinyar, ta ce, "Me kika yi? Karatunki kika yi."

Ba ta ƙara zuwa ba. Na nemi mai mashin ya kai ni rugar bayan sallah, na tarar ana aza bulo a wurin. Wata mai tallan masara ta ce tsohuwar ta bi ɗanta, amma ba ta san ko wane gari suka tafi ba.

'Yata ta ci jarrabawarta da kyau. Yanzu madarar gwangwani nake saya a shagon wani Inyamuri a unguwar Yara.