Tafintar Da Na Yi a Taron Haƙar Gas

A lokacin ni malamar firamare ce a Lamashegu, wata unguwa a Tamale, matar mai walda, uwar yara biyu. Ina jin Turanci da Hausa da Dagbanci, shi ya sa duk sanda aka yi baƙi a unguwa sai a ce a kira Madam. Ban san wani gas ba sai wanda nake girki da shi. Abin da na sani shi ne dumso, ɗauke wutar nan da ke zaunar da mijina a shago, ga ƙofofin mutane jingine ba a haɗa ba. Don haka da kansilan unguwarmu ya ce in raka shi da mutanensa ƙauyen kawuna in yi tafinta, wai wani kamfani zai haƙo gas a yankin har wuta ta zauna, da murna na amsa.

A filin makarantar ƙauyen aka yi taron, da hantsi. Tun isarmu na ga alamar rigima, don samarin jam'iyya mai mulki sun tare gefe guda, na adawa sun tare ɗayan, manoma a tsakiya. Injiniyan kamfanin, wani mutumin kudu mai natsuwa, ya yi bayani cewa gas ɗin a cikin dutse yake can ƙasa, sai an tura ruwa mai yawa haɗe da sinadarai an farfasa dutsen kafin ya fito. Na fassara. Sai kawuna ya miƙe ya tambayi inda za a ɗebo ruwan, tunda dam ɗinsu kafewa yake da rani, da kuma wanda zai tsaya musu in rijiyoyi suka gurɓata. Injiniyan bai ɓoye ba, ya ce dokar da za ta tsare wannan ba a kammala ta ba, shi ba zai iya yin alkawari ba. Kafin in buɗe baki kansilan ya matso kunnena ya ce, "Madam, ce musu gwamnati ta gama komai." Ga kawuna ya zuba mini ido. Na faɗi abin da injiniyan ya faɗa.

Ban rufe baki ba 'yan adawa suka ɗau ihu, ɗaya ɓangaren suka yo kansu, kujeru da duwatsu suka fara tashi. Wasu mata suka ja ni cikin ɗakin da suke ajiye 'ya'yan kaɗanya, suka tokare ƙofa da turmi. Ina jin samari suna zagayawa suna tambayar ina malamar da aka saya. Da 'yan sanda suka zo aka fito da ni, sai na ga kawuna zaune a ƙasa, jini ya rufe masa fuska. Dutse ne ya same shi, kuma idonsa na hagu bai sake gani ba.

A Tamale abin bai ƙare ba. Aka yanko maganata aka watsa a wayoyi. Masu mulki suka ce 'yar adawa ce ni. 'Yan adawa suka nemi in je gidan rediyo in zagi gwamnati, da na ƙi, suka ce kamfani ya toshe mini baki. Wani aikin ƙofofi da aka yi wa mijina alkawarinsa aka ba wani, ya daɗe ba ya cin abinci tare da ni. Kamfanin ya kwashe kayansa, kowace jam'iyya tana cewa laifin ɗayar ne.

Ban yi nadamar faɗin gaskiya ba, amma ina nadamar shiga taron da ban san wanda ya shirya shi da abin da yake nema ba. Na ɗauka aikin harshe ne kawai. 'Yan'uwa, in 'yan siyasa suka ce ku tsaya tsakaninsu da danginku kan maganar ƙasa da ruwa, ku tambayi komai tun kuna gida, ku nemi dattawa su san da zuwanku. Su motocinsu a kunne suke a bakin fili. Naku ne za su rage a ƙasa.