Ranar da Abla Mastura ta yi shiru

Duk wanda ya san yayar mijina, Mastura, ya san ba a gama magana a gabanta. Kana farawa za ta karɓe, ta ƙarasa maka, ta kuma nuna maka inda ka yi kuskure. Ƙanenta Abdulghaffar, wato maigidana, yana cewa tun suna yara a unguwar Bagdadiyya ta Jidda bai taɓa kai ƙarshen labari ba. Ni kam da aka kawo ni daga Gusau, na daɗe a gidan kafin ta san yadda muryata take.

A Jidda aka haife ta. Mahaifinsu ya zo aikin hajji yana saurayi, ya zauna, ya kama ɗinki, har ya zama ɗan ƙasa. Ita ta fara yin karatu mai zurfi a gidan, ta fito malamar kimiyya a wata makarantar 'yan mata ta gwamnati a unguwar Madain Fahd. Yara na kiranta Abla Mastura, yadda ake kiran malamai mata a nan. Ta fi shekara ashirin a gaban allo, kuma ta iya aikinta, wannan ba na musu. Sai dai ajinta kamar wajen wa'azi yake: ita ke tambaya, ita ke amsawa, yara nasu rubutu ne kawai. Turancin da ta yi a makaranta kuwa ya daɗe da yin tsatsa.

Wajen 2008 aka ce za a gwada koyar da lissafi da kimiyya da Turanci a wasu azuzuwan makarantarsu. Shugabar makarantar ba ta ɓoye musu ba: bayan hutu mai duba malamai za ta zo, duk wadda ta kasa za a mayar da ita ofis, a ba wata ajinta.

Ranar ko gida ba ta je ba, kai tsaye ta zo wurina.

"Zubaidatu, musiba! Ni Mastura a ofis? In zauna ina buga hatimi kamar wadda aka ajiye? Wallah aji ne rayuwata. Yalla, ke da kika yi kwalejin malamai a Nijeriya, koya mini Ingilizi."

Na tausaya mata, amma gaskiya daɗi ma ya kama ni. Yau ga Yaya Mastura dole ta saurare ni.

Ashe murnar banza na yi. Kullum bayan la'asar muke zama, kuma kafin in gama jimla ta riga ta ce, "Khalas, na gane." Daga ƙarshe ta yanke shawarar kanta. Ta sa muka mayar da darasin ranar dubawa Turanci tun daga gaisuwa har sallama, ta kama hadda kamar 'yar makarantar allo. Tana yi a kicin, tana yi a mota, tana yi wa Abdulghaffar har sai ya ce alwala zai je.

Na ce, "Yaya, in wata yarinya ta yi tambaya fa?"

Ta harare ni. "A ajina? Ba a tambaya a ajina."

Darasin a kan abu mai tsami ne da abin da ke kashe tsami. Wata rana ta ga na matsa lemon tsami a zobo ya yi ja wur, sai ta tafa hannu ta ce a nemo mata kanwa. Har unguwar Mahjar muka je wurin wata tsohuwa mai sayar da kayan miya. Ta ce da wannan za ta rufe darasin, ta yadda ko Turancin ya yi rauni, ido zai ga wani abu.

Abin da ya faru a ajin daga bakinta na ji, kuma na ji shi ya fi a ƙirga. Mai dubawa ta zauna a baya. Mastura ta ɗauko hadda, tana zubawa ba tuntuɓe. Ta matsa lemo a kofin zobo, ya yi ja. Ta zuba ruwan kanwa a ɗaya kofin, ya rikiɗe ya koma kore mai duhu. Nan fa aji ya ɗauka, wannan na "Ya Allah!", waccan ta miƙe tana leƙe. Ita kuwa ba ta saba da hayaniya ba. Ta juyo za ta ci gaba, ta laluba, hadda ta gudu.

Ta ce har ta hango teburin ofis da hatimi a kai. Kalma ɗaya tak ta rage mata. Ta ɗaga kofin ta ce, "Why?" Sai ta yi shiru, don ba ta da abin ƙarawa.

Can a layin baya wata yarinya mai suna Jamilatu ta ɗaga hannu. Da ɗan Turancinta na aji da na talabijin ta fara bayani, tana faɗuwa tana tashi. Bakin Mastura ya yi ta ƙaiƙayi ta ƙarasa mata, amma ba kalmomi, dole ta gyaɗa kai. Wata ta gyara wa Jamilatu, wata ta ƙi yarda. Ashe yaran sun ji zancen ofis, ba sa so a ɗauke musu ita. Jamilatu ta tambaya, in aka matsa lemo a koren me zai faru? Mastura ta san amsar sarai, faɗin ne ya gagara, sai ta miƙa mata lemon. Yarinya ta matsa, zobo ya dawo ja, aji ya kaure da tafi.

Mai dubawa ta gaya mata gaskiya, cewa Turancinta da sauran aiki. Amma ta ce ba ta taɓa shiga ajin da yara suka yi magana haka ba, don haka ajin nata ne. Daga baya makarantar ta koma Larabci, Mastura kuma har ta yi ritaya in ta yi tambaya sai ta cije leɓe ta jira.

Ni dai yammacin ranar ne ba na mantawa. Ta shigo ta same mu ni da ƙanenta muna shan shayi, ta zauna.

"An bar mini ajina," in ji ta. Ta dube ni. "Zubaidatu, yarinyar nan tun bara take gabana, ban san haka kanta yake ba. Ya'ani irinta nawa suka wuce ta hannuna ban ji su ba?"

Hawaye ya zubo mata, ni ma na kasa riƙe nawa. Ta share ido, ta juya ga ƙanenta.

"Abdulghaffar, jiya ka fara wani labari na katse ka. Ƙarasa."

Bawan Allah ya dube ni, ya dube ta, ya ajiye kofin shayi. Labarin wani makaniki ne, ba shi da wani daɗi. Amma furfura a gemunsa, ranar ya fara kai labari ƙarshe, yayarsa na zaune tana saurare.