Malam Audu, Ni Na Raba Ka da Doguwa

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, 21 ga Agusta, 2001, farkon watan Jimada Sani, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Audu malamin dabbobi a asibitin Kaura Namoda, bayan jinyar kwana tara. An yi masa sutura bayan La'asar a ƙauyensu da ke bayan Dauran. Ya bar mata ɗaya, yayata Fatimatu, da 'ya'ya uku: Hamida, Mubashir da Salima.

Ni ba marubuci ba ne, malamin firamare ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, yau kwana ashirin ke nan yayata na cikin takaba tana faɗa wa duk wanda ya shiga gaisuwa cewa ita ta yi sanadin mijinta. Ba ta cin abinci sai an matsa mata, ga hawan jini. Sau uku ina zama a gabanta da niyyar in gaya mata abin da na sani, sau ukun ina tashi ban faɗa ba. Tun da bakina ya gaza, bari in gaya maka kai, Malam Audu, ko ta ji a bakin Hamida idan ta karanta mata.

Ka auri yayata ina aji uku, ka tarar da ni da dogon baki, kuma ba ka taɓa neman rage shi ba. Ni ƙanin matarka ne, al'ada ta ba ni damar tsokanarka, na kuwa yi amfani da damar har na wuce gona da iri. Na tsokani hularka, na tsokani warin maganin shanu da ba ya barin rigarka, amma ba abin da na sa wa ido irin babur ɗinka.

Duk wanda ya zauna tsakanin Zurmi da Shinkafi ya san Doguwa. Tun zamanin tsohuwar Jihar Sakkwato aka ba ka ita, bayan shekarar da cutar bushiya ta yi wa shanu kisan kiyashi, lokacin da aka raba wa malaman dabbobi baburan shiga daji. Doguwa ce da gaske. Tayoyinta masu haƙora, salansarta a sama kusa da cinyar mai tuƙi, wurin zama na mutum ɗaya, sai kariyar ƙarfe a baya inda kake ɗaure akwatin allura. Fentinta ya koɗe tun ba a haifi Salima ba. Da aka ƙirƙiro Zamfara aka zo rabon kaya, waɗanda suka zo dubawa suka zagaya ta sau ɗaya suka ce an bar maka. Na daɗe ina ba da labarin nan a majalisa, ina cewa Sakkwato ta yafe wa Zamfara, Zamfara ta yafe wa Audu, saura Audu ya yafe wa bola. Kai kuwa sai ka shafa tankinta ka ce in bar ta, ta fi ni zuwa inda ake bukatarta.

Gaskiya ka faɗa. Shekara goma sha shida ba rugar da ta yi muku nisa. Na san ranar da ka bar walimar sunan Mubashir ka tafi Gurbin Bore saboda saniya ɗaya tak ta wata tsohuwa da haihuwa ta gardame mata, ka dawo da jini har gwiwar hannu kana murna kamar kai aka yi wa haihuwar. Na san yadda aka kawo maka rago har gida don godiya, ka sa aka mayar, ka ce in dai ana son a faranta maka a aiko da nono. A Banga akwai wani makaho mai awaki huɗu da kake bi ta wurinsa duk zagaye, ba don awakin na ciwo ba, sai don ka san ba mai zama ya yi hira da shi. Waɗannan ba kai ka gaya mini ba. A zaman makoki na ji mafi yawansu, daga bakin mutanen da ban taɓa gani ba.

Akwai wani rafi tsakanin ƙauyenku da rugagen gabas, wanda da rani yashi ne zalla, da damina kuwa sai ya cika ya kawo. A bakin mashiginsa akwai wata tsohuwar giyayya. Shekarun baya ka sa wuƙa ka sassaƙa alama a jikinta, daidai tsayin da Doguwa ke iya shiga ruwa ba ta mutu ba. Idan ka iso sai ka dubi itacen. Ruwa na ƙasa da alama, ka shiga. Ya taɓa ta, ka zauna ka jira ya janye. Ba ka taɓa saɓa wannan ƙa'ida ba, har Fulanin wurin suna kiranta alamar Likita. Ni da kaina na gan ta, har na yi maka dariya na ce ka mai da itace injiniya.

Da aka ƙaddamar da Shari'a aka hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, mun yi murna tare da kowa, ba wanda ya kawo maganar Doguwa a ransa. Sai ga shi yayata dole ta je awon jini Zurmi duk wata, ƙauyenku kuma mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Da can ɗan kabu-kabu ke fito da ita. Yanzu kai ne za ka ɗauke ta, babur ɗinka kuwa ba wurin mutum na biyu, kuma ko da akwai, tsayinsa ya fi ƙarfin mace mai jiri. Riƙe babur biyu ba na mai albashi irin naka ba ne. Wata biyar kana juya maganar. Ka je ka ga sababbin da ake shigowa da su, gajeru, masu sheƙi, masu dogon wurin zama mai laushi. Ka dawo ka ce mini na titi ne, ba na daji ba, salansarsu tana kusan jan ƙasa. Ka faɗa mini wannan da bakinka, na ji da kunnena.

Yanzu ga abin da yayata ba ta sani ba.

Wata Juma'a cikin watan Fabrairu ka shigo Kaura. Bayan an sauko masallaci ka same ni a rumfar Mudi mai walda, bayan tashar jirgin ƙasa, inda muke zama mu wajen bakwai. Fuskarka a sake, irin ta wanda ya sauke kaya. Ka ce:

"Misbahu, na gama shawara. Doguwa ba ta zuwa ko'ina. Mudi za shi cire kariyag ga shi yi mata wurin zama, shi sa mataki ƙasa-ƙasa yadda yayakka za ta taka ta hau. Akwati in goya shi ga baya."

Mudi har ya ɗauko ma'auni ya durƙusa. Da na yi shiru minti ɗaya, da ya fara aikin. Amma na ga mutane, na ga fili, bakina ya yi ƙaiƙayi. Na ce:

"Haba Malam! Ɗiyal liman guda za ka ɗora ma wanga raƙumi awa buhun maiwa? In ta hwaɗo mi za ka ce ma dangi? Kai dai hwaɗi gaskiya, son ƙarhen ga ya hi son yayata."

Rumfa ta ɗauki dariya. Kai ma ka yi, amma gajera. Ka dubi Mudi ka ce ya dakata tukuna. Na sha gaya maka abin da ya fi wannan zafi kana karkaɗe riga ka wuce, shi ya sa ban lura ba. Ban yi tunanin mutumin da ya kwashe wata biyar yana ganin matarsa na fasa zuwa asibiti saboda shi ba zai ɗauki wannan a matsayin wasa ba. Alhamis mai zuwa ka kai Doguwa kasuwar Shinkafi, wani mutumin Nijar ya saye ta ya ƙetara da ita. Ka dawo gida a kan sabon babur ja. Ba ka taɓa gaya wa yayata cewa ka yi niyyar riƙe tsohon ba, kuma ba ka taɓa tayar mini da maganar rumfar Mudi ba.

Duk ranin nan ni ne gwani. Yayata na zuwa awo a kan lokaci, jininta ya sauka, tana sa maka albarka, ba ta san da hannuna a ciki ba. Ina bugun ƙirji a majalisa cewa ni na wayar da kai. Sau nawa muka zauna da kai tsakanin Fabrairu da faɗuwar ruwa? Ko sau ɗaya ban tuna da giyayyar nan ba. Kalma biyar ta isa: alamar nan ta Doguwa ce. Ni da bakina ba ya hutawa, ban faɗe su ba.

Ranar Lahadi, 12 ga Agusta, Wakili, dattijon rugagen gabas, ya aiko cewa harbin daji ya shiga garkensu, ciwon da ke kayar da saniya a wuni guda. Ka ɗaure akwati ka fita da safe. An kwana ana ruwa, rafi ya kawo. Wakili da mutanensa suna tsaye a ƙetare suna kallonka. Shi ya ba ni labari cewa ka tsaya, ka sauke ƙafa, ka dubi itacen kamar yadda ka saba, sannan ka shiga. A tsakiya injin ya sha ruwa ya mutu. Igiyar ruwa ta juya babur ɗin ya danne ka a kan dutse. Kafin su iso gare ka ka sha ruwa da yawa, haƙarƙari uku sun karye. A amalanken shanu aka fito da kai Dauran, daga nan mota ta kawo ka Kaura.

Kwana tara ina zaune a gefen gadonka. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ruwan ya riga ya taɓa huhu. Ina kallon numfashinka yana gajarta kullum, ba abin da zan iya sai gyara matashi da miƙa ruwa. A rana ta bakwai ka ɗan samu sauƙi, ka yafito ni, ka ce:

"Ruwan bai kai alama ba, Misbahu. Na duba. Saura taki guda. Ni nam mance ba Doguwa nika bisa ba." Ka huta, sannan ka ƙara: "Ka tai ka kankare ta. Yanzu kowa sabon mashin garai, kar wani shi dogara da ita."

A nan ya kamata in ce ka yafe mini. Maganar ta zo har maƙogwarona. Sai na ga yayata ta shigo da kwanon kunu, na haɗiye, na ce a raina gobe. Washegari ba ka gane kowa ba.

Na je na kankare alamar, kwana uku bayan sutura. Wakili ya ara mini gatari, ya tsaya a bayana. Aikin bai kai minti goma ba. Shi ne kaɗai abin da na iya yi maka.

Malamai sun yi mini nasiha, kuma na san gaskiya suka faɗa. Ajali ba ya jira, ba ya gaggawa. Da kana kan Doguwa ranar nan, da kwananka ya ƙare ta wata hanyar. Na yi imani da wannan, ina koyar da shi ga yara a aji. Amma imani da ƙaddara bai goge abin da harshena ya furta ba, kuma wanda ya kamata in roƙa yafiya ya tafi inda ba na iya binsa da magana. Ina jin zafin wannan safe da yamma, ban kuwa san inda zan kai shi ba.

Ya Allah, ga bawanKa Audu ya zo maKa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ya fita ne don ceton dukiyar bayinKa, Ka karɓe shi cikin waɗanda Ka yarda da su, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga 'yan'uwansa na Dauran da Zurmi, da abokan aikinsa, da Wakili da jama'ar rugage waɗanda suka shiga ruwa dominsa. Hamida, Mubashir, Salima, Allah Ya raya ku a kan halin mahaifinku, Ya ba ku haƙurin rashinsa.

Yaya Fatimatu, saura ke. Kin ji yadda aka yi. Mijinki ya samo hanyar da zai ɗauke ki ba tare da ya rabu da babur ɗinsa ba, ƙaninki ne ya kunyata shi a gaban mutane har ya fasa. Ciwonki bai kashe shi ba, zuwanki asibiti bai kashe shi ba. Ki ci abinci, ki sha maganinki, yaran nan ba su da kowa sai ke. Idan dole sai an ɗora wa wani wannan kaya, nawa ne, ki sauke shi ki bar mini.

Ranar Juma'a zan zo in zauna a zaure. Idan kin aiko in shigo, zan shigo. Idan ba ki aiko ba, ba zan ga laifinki ba, zan dawo wata Juma'ar.

Misbahu,
Kaura Namoda.